Likita Mila: Baturen mishan da ya kusa shekara 50 a ƙasar Hausa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san ɗan littafin nan da masu shago kan ajiye a ƙarƙashin tebur, wanda a cikinsa ake rubuta cewa wane ya ɗauki buhun gero biyu, wance kuma ta karɓi turmin atamfa za ta biya bayan kaka. Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ɗan kasuwar da ba ya rubuta abin da ya fita daga hannunsa yana tare da asara. Wasu dattawa da ajami suke nasu lissafin, wasu da Faransanci, amma matasa da dama da Hausar boko suke yi, kuma da ita suke tura saƙon waya zuwa Jibiya ko Kano don su ji yadda farashin wake ya kwana.

To amma mu nawa ne muka taɓa tambayar yadda aka yi waɗannan baƙaƙe na Nasara suka zama abin rubuta harshenmu? Idan aka bi sawun maganar, daga cikin mutanen da za a tarar akwai wani Baturen mishan ɗan ƙasar Ingila mai suna Walter Miller, wanda Hausawa ke kira Likita Mila. Ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya rasu a Nijeriya a 1952. A Zariya ya yi mafi yawan aikinsa, amma abin da ya shuka a can ya tsallako iyaka har zuwa jihar Maraɗi.

Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan shafi saboda dalili biyu. Na farko, da yawa daga cikinmu sun taɓa kai marar lafiya Galmi ko Danja, asibitocin da 'yan mishan suka kafa, ba tare da mun san yadda aka faro ba. Na biyu, muna zaune da maƙwabta Kiristoci Hausawa, muna ciniki da su, kuma mun ga abin da kan sami kasuwa duk ranar da rikicin addini ya tashi. Waiwaye adon tafiya ne, kuma sanin asalin abu yana rage zargi da jita-jita.

Waɗanda suka riga shi

A watan Janairun 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a Tasawa a kan hanyarsa daga ƙasar Abzin zuwa Katsina da Kano, ya kuma rubuta yadda garin ya burge shi da yawan jama'a da walwalarsu. Barth ba ɗan mishan ba ne. Sai dai lokacin da zai koma Turai a 1855 ya tafi da wasu samari biyu da aka 'yanta daga bauta, Abbega da Dorugu. Shi Dorugu Bahaushe ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Kance, gabas da mu kaɗan, wanda mahara suka kama tun yana yaro aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan.

A Ingila, Dorugu ya zauna a gidan wani ɗan mishan mai suna James Schön, Bajamushe da ke aiki da ƙungiyar CMS ta cocin Ingila. Schön ya fara koyon Hausa ne a wurin 'yantattun bayi, musamman a Saliyo, ya kuma shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841, amma har ya rasu a 1889 bai taɓa ganin Kano ko Katsina ba. Daga bakin Dorugu ya kwashi labarai da tatsuniyoyi da karin magana ya rubuta su da baƙaƙen Turawa. Ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, sannan littafin Magana Hausa a 1885. Ke nan wani babban kaso na Hausar da aka fara bugawa da boko, Hausar wannan yanki namu ce, kuma daga bakin yaron da aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa ta fito. Dorugu ya dawo gida Afirka daga baya, ya rasu a Kano a 1912.

Bayan haka 'yan mishan sun yi ta yunƙurin shigowa ƙasar Hausa, zazzaɓi yana kashe su a hanya. John Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, abokin aikinsa Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar isa tsakiyar ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, kuma shi ne ya raya ƙungiyar SIM da za mu sake haɗuwa da ita a Tsibirin Gobir.

Daga Landan zuwa Turabulus

An haifi Mila a 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, kuma maimakon ya buɗe wurin aikinsa ya tara dukiya, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar CMS. Kafin a turo shi nan, an aika shi Turabulus ta ƙasar Libiya don ya koyi Hausa, domin a wancan zamani birnin yana da Hausawa masu yawa: fataken da ke bin ayarin raƙuma ta Gat da Abzin da Damagaram, da alhazai masu wucewa, da bayin da suka sami 'yanci. A can ne ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa aikin hajji. Wannan yaro ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka gyara wa Mila harshe, kuma daga baya ya taimaka masa a aikin fassara.

Ya kamata mai karatu ya tuna abin da ke faruwa a nan gida a daidai wannan lokaci. A 1899, yayin da Mila ke zaune a Turabulus yana koyon gaisuwa da ƙirga, rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine tana ratsa ƙasarmu tana ƙona garuruwa. Sun yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu, suka yi ta ɓarna har suka iso ƙasar Tasawa, inda a watan Yuli sojojinsu suka juya musu baya suka harbe su a yankin Maijirgi. Kakanninmu sun fara sanin Nasara ne da bindiga a hannu. Duk Baturen da ya zo bayan haka, ko da littafi da magani ya riƙo, da wannan ido aka dube shi.

Sallamar da Kano ta yi musu

Ranar 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewacin Nijeriya ya shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya, alhali Kano da Sakkwato da Katsina suna nan da sarakunansu da dakarunsu. A farkon wannan shekara ne tawagar mutum biyar ta CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta taso daga Legas zuwa Kano, kuma Mila yana cikinsu. Sun ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara, suka bi ta Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fuska, sannan suka isa Kano a watan Afrilu.

Sarkin Kano Alu bai yi wasa da su ba. Ya nuna musu cewa sun shigo ƙasarsa ba da izininsa ba, kuma jama'arsa suna da Alƙur'ani da malamansu, ya ba su 'yan kwanaki su tattara kayansu su fice. Haka suka juyo suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya rasu shekara shida kafin nan. A can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, saura kuma ciwo ya galabaita su, har ta kai ga an janye su zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Shi kansa Lugga bai ji daɗin wannan tafiya ba, domin yana ganin za ta jawo masa faɗa da sarakuna tun bai shirya ba.

Wani da ya sha irin wannan kashi da ya haƙura ya koma gida. Mila ya dawo Girku a 1902. A 1903 Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi, kuma a Sakkwato Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba. Wannan alkawari shi ne ya zama katangar da 'yan mishan suka yi shekaru suna karo da ita, domin da shi aka riƙa hana su zama a manyan biranen sarakuna. Duk da haka, a 1905 Mila ya sami damar shiga cikin birnin Zariya ya kafa gida.

Zaman Zariya: magani, makaranta da rigima

A Zariya Mila ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Yakan sa babbar riga ya naɗa rawani, kuma Hausarsa ta kai inda hatta abokan hamayyarsa suka sallama masa. Bai yi aure ba, sai ya tara yara a gidansa, cikinsu har da waɗanda aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, yana ciyar da su yana koya musu karatu. Jama'ar gari sun riƙa zuwa karɓar magani, amma kaɗan ne ƙwarai suka karɓi addinin da yake kira a kai.

A nan ne maganar boko ta shigo. Kafin zuwan Turawa, Hausa tana da rubutunta na ajami, wanda da shi malaman jihadi irin su Nana Asma'u suka rubuta waƙoƙin wa'azi, da shi kuma fatake ke aika wa juna wasiƙa. Da Turawa suka zo sai tambaya ta taso: da wane rubutu gwamnati za ta yi aiki? Mila yana cikin waɗanda suka matsa wa Lugga lamba a ɗauki baƙaƙen Turawa. Hujjarsa ta fili ita ce sun fi sauƙin koyo da bugawa a inji. Amma bai ɓoye ɗaya hujjar ba, wato tsoron cewa idan gwamnati ta riƙe ajami, za ta taimaka wa yaɗuwar Musulunci a tsakanin ƙabilun da ba su musulunta ba. Gwamnati ta ɗauki boko. Malaman da suka shekara suna karatu aka wayi gari ana lissafa su cikin waɗanda ba su iya rubutu ba, kuma wannan rauni har yau bai gama warkewa ba. Ajami dai bai mutu ba, duk mai canjin kuɗi a bakin iyaka yana ganin sa a jikin takardar naira 500 da ta 1,000.

Mila ya kuma ba gwamnati shawarar a buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna a ƙarƙashin kulawarsa. An gwada, abin bai yi nisa ba, domin iyaye sun gane cewa malamin yana da wata manufa bayan karatu. Daga ƙarshe gwamnati ta damƙa aikin ga Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909 ba tare da koyar da addinin Kirista ba.

Mutum ne mai kaifin harshe. Ya goyi bayan cin ƙasar da Ingilishi suka yi, ya rubuta maganganu masu zafi a kan sarakunan Fulani da kuma Musulunci, waɗanda babu Musulmin da zai karanta ya ji daɗi. 'Yar'uwarsa Ethel, wadda ita ma ta yi aikin mishan a Arewa, ta taɓa fitar da wata ƙasida a shekarun 1920 da ta taɓa martabar Manzon Allah (SAW), abin da ya tayar da ƙura har gwamnatin Turawa ta shiga damuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, Mila bai yi shiru a kan zaluncin da ake yi wa talakawa ba. Ya riƙa kai ƙarar cinikin bayi a ɓoye da ƙwace da cin hanci, kuma ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a wajejen 1920, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu. Har yau akwai masu ganin an zalunci wannan sarki, wanda malami ne kuma shahararren marubucin waƙoƙi.

Isawa da masifar Gimi

Jama'ar da Mila ya samu da ɗan yawa ba wa'azinsa ne ya fara samar da su ba. Tun a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ba Annabi Isa (AS) wani matsayi na musamman. Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin ɓata, aka kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da wasu ƙauyuka na Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya. Da ya ga sun karɓi koyarwarsa, sai aka nema musu fili a wani wuri da ake kira Gimi, suka kafa ƙauye na kansu da gonaki da makaranta da coci. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane masu yawa. Cikin 'yan shekaru aka watse, aka kwaso marayu da sauran waɗanda suka tsira zuwa Zariya. Ciwon da ya cinye su ya fi ƙarfin maganin da ke hannun Likita a lokacin. Daga cikin waɗannan tsirarun ne manyan gidajen Kiristocin Hausawa na Zazzau suka fito.

Wusasa da fassarar 1932

Zaman 'yan mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai taɓa kwanta wa fada da Turawan mulki a rai ba. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan gari, a gindin dutse. Mila bai so wannan ƙaura ba, domin a ganinsa fita daga birni tamkar sallamawa ce. A Wusasa aka gina cocin St Bartholomew da tubali da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibitin St Luke.

Shi kuwa sai ya mayar da hankali ga aikin da ya daɗe yana yi, wato fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, tare da 'yan wasu ƙungiyoyin mishan da kuma Hausawan da suka san harshen fiye da su duka. An buga cikakken littafin a 1932, kuma shi Kiristoci masu jin Hausa suka yi ta amfani da shi a Nijeriya da Nijar har aka yi sabuwar fassara a wajejen 1980. Wannan littafi ya sa Hausa ta zama harshen coci ga ƙabilu masu yawa a Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, waɗanda ba Hausawa ba ne. Ɗan kasuwar Mayahi da ya kai albasa ko dabbobi Jos ya tarar kowa na jin Hausa, kasuwanci ne ya fara share masa wannan hanya, amma coci ma ta taimaka.

Makarantar da Mila ya faro ta fitar da mutanen da suka yi suna. Akwai Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewacin Nijeriya, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948. Akwai Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Mila ya bar aikin CMS a 1935 ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, ya sake dawowa Nijeriya. A 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Ingila ta gaza a Nijeriya, inda ya soki yadda Turawa suka jingina da sarakuna suka bar talaka cikin jahilci da talauci. Ya ƙare rayuwarsa a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.

Yadda abin ya iso jihar Maraɗi

CMS ba ta shigo Nijar ba. Ƙungiyar SIM ta Bingham ce ta tsallako daga Nijeriya, ta zauna a Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibirin Gobir a 1927, sannan Maraɗi a 1940. Da yake masu jin Ingilishi ne, Faransawa sun riƙa yi musu kallon 'yan leƙen asirin maƙwabta. Da Hausa suka yi wa'azinsu, kuma fassarar 1932 ce littafin da ke hannunsu. Ta haka aikin da aka yi a Zariya ya shigo ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi.

Kamar yadda ya faru a Zazzau, a nan ma magani ya fi wa'azi karɓuwa. An buɗe asibitin Galmi a 1950 a kan hanyar Madawa zuwa Ƙonni, sannan asibitin kutare na Danja a 1956, kudu da Maraɗi, inda a 2012 aka ƙara sashen aikin yoyon fitsari da mata da yawa suka amfana da shi. Haka nan wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ne a shekarun 1980 ya haɗa kai da manoman jihar Maraɗi wajen yaɗa sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya tofo a gona a riƙa yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. Matan da ke sayar da itacen girki da ganyen miya a kasuwannin Tasawa da Mayahi sun san amfanin itatuwan da suka dawo gonaki. Duk da wannan, ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba.

Riba da faɗuwa

Idan muka yi wa rayuwar Likita Mila lissafi irin na 'yan kasuwa, hajar da ya ɗauko daga Ingila ba ta karɓu ba. Ya zo ne don ya mayar da Hausawa Kiristoci, ya yi kusan shekara 50, ya bar Kano da Katsina da Zariya a kan addininsu. Abin da jama'a suka saya a wurinsa shi ne magani da karatu. Kakanninmu sun nuna cewa ana iya karɓar allura a hannun mutum ba tare da an karɓi aƙidarsa ba.

Sai dai akwai faɗuwar da mu muka yi. Saboda boko ya shigo tare da mai mulki da mai wa'azi, iyaye da yawa sun guje shi, a Nijeriya suka ɓoye 'ya'yansu daga makaranta, a nan kuma daga lakwal, musamman 'ya'ya mata. Tsoron yana da dalili a wancan zamani, mun ga Mila da kansa bai ɓoye manufarsa ba. Yau kuwa malaman lakwal 'ya'yanmu ne, kuma kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Lokacin da ƙungiyar CARE ta faro asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da ka mata suka riƙa riƙe lissafin zubi da rance, saboda ƙarancin masu karatu a cikinsu. Sun nuna basira, amma mace mai sayar da ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa da ta iya karanta saƙon kuɗi a wayarta ta fi ƙarfin ɗan kamashon da zai ce mata jika biyar aka turo alhali jika bakwai ne. Duk uwar da ta cire 'yarta daga aji don ta riƙe mata tallan yini ɗaya, ta duba wannan lissafi da kyau.

Darasi na biyu ya shafi zaman tare. Ba mu manta da tarzomar Maraɗi ta watan Nuwamban 2000 ba, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe zuwa ƙone-ƙone, ko ta watan Janairun 2015 a Damagaram da Yamai, bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, inda mutum 10 suka rasa rayukansu aka kuma ƙona coci-coci masu yawa. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su ne suka yi zanen ba. 'Yan ƙasa ne, wasunsu jikokin waɗanda suka shiga addinin a Tsibiri tun zamanin Faransawa, masu sayen hatsi a rumfunanmu. Kuma a irin wannan rana, mai tumatir da mai nono da mai tsire su ne farkon waɗanda kayansu ke lalacewa, domin babu mai fitowa ciniki.

Likita Mila yana da laifinsa, ya raina addinin mutanen da ya zauna a cikinsu, ya kuma raɓu da masu bindiga. Yana da kuma abin yabonsa, ya koyi harshenmu har ya ƙware, ya yi jinyar marasa lafiya, ya tsaya wa bayi da talakawa a lokacin da yin haka ba ya jawo farin jini. Mai awo na gari ba ya tauye mudu don ya ƙi mai kaya, ba ya kuma ƙara masa don yana son sa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kuma ba 'ya'yanmu maza da mata ilimi mai amfani.